Babana da Dutsen da Ya Ƙi Kwalta

Daga Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa. Ranar Talata da hantsi Babana ya amsa kira, a ɗakinsa na unguwar Albarika a garin Parakou, ina zaune gefen gadon riƙe da kofin kunun da ya ce in ɗan jira ya huce.

Kafin azahar gidan ya cika. Matan kasuwar Guéma, abokan cinikin Inna, su suka fara zuwa, suka shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Dangi daga Djougou suka iso cikin mota biyu, ƙafafunsu jajur da ƙasar hanya. Sai wasu tsofaffi da ban taɓa gani ba suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, mai yaren Baatonum, mai yaren Dendi, mai Faransanci, kowa da sandarsa. Tsofaffin ma'aikatan hanya ne. Ɗayansu ya tsaya a zaure ya cire hula ya ce, "Shef labo ya tafi." Wato shugaban ɗakin gwaji, haka suke kiran Baba. Ya nemi wuri ya zauna.

Kowa da abin da ya tuna. Wata maƙwabciya ta ce shi ya cire wa ɗanta kwalta mai zafi daga ƙafa da man gyaɗa, a hankali, tun daga la'asar har magariba, bai bari fatar ta biyo ba. Wani ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Inna ta kalle shi ta ce, "Kai dai ba ka taɓa motsa masa gwangwani ba." Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, wadda ba ta kai ciki. Masu wanka da suka fito suka ce wa yayyena sun yi iya ƙoƙarinsu, amma baƙin da ke cikin zanen tafin hannunsa ya ƙi fita, haka suka sa shi a likkafani.

Wanda ya fi kowa kuka wani tsohon direba ne mai ɗingishi, mazaunin unguwar Ganou. Ya zauna a ƙasa, ya ƙi tabarma, yana ta maimaita, "Ya sauke nasa, ya sauke nasa." Mutane suka ɗauka tsufa ne. Ni da Inna kaɗai muka san abin da yake nufi, na kuma san bai sauke duka ba.

Na ɗauki alƙalami ne domin jikokinsa ba su san komai game da shi ba sai "Kaka mai duwatsu". Kwana uku da rasuwarsa yayyena suka fara shawarar kwashe gwangwanayen da ya jera a bayan ɗakinsa a zubar. Idan na yi shiru, nan da 'yan shekaru babu wanda zai san abin da ke cikinsu. Ba zan yi masa kirari ba. Ya tsani yabo, kuma ya bar mini abin da yabo ba ya rufewa.

Mu zuriyar fatake ne. Kakannin Baba sun bi ayarin goro daga Gwanja, suka yada zango a Djougou, wadda tsofaffinmu ke kira Zugu, suka yi aure, suka zauna. Kakana ya haifi maza uku: Baba Babba, Babana, da autansu da muke kira Baffa. Da aka matsa kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, wato makarantar boko, Kaka ya duba ya ba da na tsakiya, don shi ne mai yawan laulayi, ba zai iya dakon huhun goro ba. Haka Baba ya zama ɗan boko ba da zaɓinsa ba. Bayan samun 'yancin kai, lokacin ana kiran ƙasar Dahomey, ya sami aiki a Kwatano a ɗakin gwajin kayan hanya, wanda suke kira labo. Can ya koyi tace tsakuwa, da auna yashi, da dafa kwalta. Daga baya aka maido shi arewa, ya sauka daga jirgin ƙasa a Parakou da akwati ɗaya da sikeli a naɗe cikin bargo.

Baba Babba bai taɓa yafe masa wannan aiki ba. Na ga rigimarsu da idona wata sallar layya a Djougou. Ana zaune ana rabon nama, Baba Babba ya matsa gefe yana toshe hanci.

"Ɗan fatake yana warin gudron, kwaltar nan tasu, kamar tayar mota. Ubanmu ya bar mana sana'a mai ƙamshi, kai ka je ka zama mai wankin duwatsu."

Baba ya ce, "Yaya, kakanninmu sun yi wata uku suna taka hanyar da za ka bi yanzu cikin kwana biyu. Wani ne ya wanke mata duwatsu."

"To je ka wanke. Amma kada ka taɓa mini huhu da hannun nan."

Baffa ne ya raba. Ya ɗauko goro ɗaya daga aljihu, ya kama hannun Baba ya danna masa a tafi, ya ce, "Ga shi ya taɓa, bai ruɓe ba." Kowa ya fashe da dariya ban da Baba Babba. Haka Baffa yake. Dogo ne, mai wushirya, ba ya iya shiga gida shiru. Duk mako biyu yana kawo goro Parakou a kamyo, babbar motar kaya, ya kwana gidanmu, ya cinye tuwon da aka ajiye wa Baba, ya ce ai ɗan boko burodi yake ci. Matarsa, wadda muke kira Inna Zugu, takan aiko mana da man kaɗanya a kwano, da saƙon cewa a hana mijinta yawan surutu.

A gaban Baffa ne Baba ya yi laifin da Inna ta yi shekaru tana gorantawa. Wata Asabar ya dawo daga aiki da tsakuwa kashi biyu da aka riga aka lulluɓe da kwalta, ya tarar Inna ta tafi kasuwa, ya ɗauki tukunyarta ta miya ya ɗora a murhu. Baffa yana kan turmi yana kallonsa.

"Yau kuma duwatsu za mu ci?"

"Zo ka gani."

Da ruwan ya tafasa, ya zuba kashi na farko, jajayen tsakuwa na marmara. Suka yi ta juyi a cikin ruwan, da ya kwashe su baƙi ƙirin suke kamar yadda suka shiga. Ya zuba kashi na biyu. Ba a jima ba baƙin ya fara saɓulewa yana tasowa saman ruwa, duwatsun suka fito farare tas, masu sheƙi, irin farin dutsen nan da muke kira ƙanƙara.

Baffa ya ɗauki ɗaya yana juyawa. "Kwalta ɗaya ce?"

"Ɗaya ce, daga duro ɗaya. Dutsen ne ba ɗaya ba."

Ya yi masa bayani, ni kuma ina daga ƙofar ɗaki ina saurare. Ya ce ɗanyen man da ake haƙowa daga ƙasa ba abu guda ba ne. Akwai mai sauƙi da ke tashi ya bi iska, shi ne fetur da kananzir. Akwai mai nauyi a can ƙasa, baƙi, wanda Turawa ke kira asfalten, shi ne ƙashin bayan kwalta, kuma shi ne mai kama dutse. Ba shiga cikin dutsen yake yi ba, fuskar kawai yake kamawa, ya kwanta a kai siriri, wani ya zo ya hau bayan ɗan'uwansa har ya yi kauri. Amma sai fuskar ta yarda. Dutse mai ƙarfe a jikinsa kamar marmara, ko dutsen farar ƙasa, yana riƙe shi gam. Ƙanƙara kuwa ta fi son ruwa. Tana karɓar kwalta da rani don babu wani, ranar da ruwa ya sami ƙofa sai ya kutsa tsakaninsu ya ɗaga kwaltar ya zauna a wurinta.

"To ba ta da magani?"

"Akwai. A wanke ta, a busar, a barbaɗa mata farar ƙasa kafin a zuba kwalta. Sai ta kama. Amma aiki ne, kuma mutane ba su son jira."

Nan Inna ta shigo ta ga tukunyarta. Abin da ta faɗa ba zai rubutu ba. Baffa ya tsere ta bayan gida yana dariya, da farin dutsen a aljihunsa. An wanke tukunyar da kananzir, da toka, da yashi. Maiƙon ya fita, amma wani baƙi-baƙi ya zauna a gindinta, kuma ruwa ya daina kwanciya a wurin, sai ya dunƙule ya gangara. Baba ya nuna wa Inna da murna, wai ta ga abin da yake faɗa. Ta ce ta gani, ya je ya sayo sabuwa.

Yana da maganganunsa da duk gidan ya haddace. In aka kawo masa ƙarar wani, sai ya ce, "Kada ka tambayi kwalta, tambayi dutse." In yayyena suka yi gaggawar aiki, sai ya ce, "Jiƙaƙƙen dutse ba ya karɓar mai, ku bari ya bushe." Ba ya tafiya bai tsinci dutse ba. Yana hanyar masallaci zai duƙa, ya ɗauka, ya ɗiga masa ruwan buta, ya tsaya yana kallon ko ruwan zai bazu ko zai dunƙule. Aljihunan rigunansa duk sun ɓule. Yaran unguwa sun ɗauka yana da taɓin hankali, har suka saba.

Ina shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai Baffa ya rasu. Damina ce, da la'asar, ana ruwa. Kamyon da ya ɗauko shi da huhunan goro daga Djougou ya zo gangaren wata gada, inda aka shimfiɗa sabuwar kwalta bara, sai ya zame ya bugi bakin gadar ya kife cikin rafi. Baffa yana gaba kusa da direba. Mutum uku suka rasu, direban ya tsira da karyayyen ƙugu. Jandarmomi suka ce gudu ya yi, aka ƙwace takardarsa ta tuƙi, ya yi zaman gidan yari bayan ya fito asibiti. Abin da muka sani ke nan, kuma abin da kowa ya sani ke nan.

Washegari Baba ya je wurin shi kaɗai. Ya dawo da azahar, rigarsa jiƙe. Ya ɗauki gwangwanin madara ya juye abin da ke aljihunsa a ciki, ya rufe, ya ɗora can saman bango.

Daga ranar ya canza, amma mun ɗauka baƙin cikin rashin ƙane ne. Ya daina cin goro. Mutumin da aka haifa a kan huhu, in aka miƙa masa a ɗaurin aure sai ya karɓa ya ba na kusa. In za mu Djougou, da mota ta kusa gangaren nan sai ya ce wa direba, "Tsaya in sauka." Ya taka da ƙafa, kansa a ƙasa, ya haye gadar, mu jira shi a ƙetare fasinjoji suna gunaguni. Ko bayan da aka kankare wurin aka sake shimfiɗa shi, bai daina ba. Duk kaka yana aika wa Inna Zugu buhunan dawa da doya, ya sa 'ya'yanta uku a lakwal, ya yi musu aure. Amma in ya je gidanta ba ya wuce zaure. Takan fito ta durƙusa ta gaishe shi, "Yaya, ka shigo mana ka sha ruwa." Sai ya ce rana ta yi, mota na jira.

Ba a cika shekara biyu ba ya bar aikin hanya. Lokacin an fara haƙo mai a cikin teku can kudu, suna neman wanda ya san aikin labo, ya tafi ya bar mu a Parakou. Aikinsa can shi ne wanke duwatsun da ake yankowa daga ƙarƙashin teku, dogaye kamar taɓarya, a ga yadda mai ke ratsa su. Da ya zo hutu ya ba ni labari. Ya ce dutsen cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan mai ke bi ya zo rijiya. Asfalten kuwa yana bi yana kama bangon ƙofofin, musamman inda akwai yumɓu, har su tsuke, rijiya ta rage bayarwa. Ya ce sukan yi kwanaki suna wanke dutse ɗaya da wani ruwan magani mai kaifin wari, toluwen, har abin da ke fitowa ya zama garai. Sai a busar, a ɗiga ruwa, a ga wani gefen har yanzu yana ƙin ruwan.

"Su suna kukan ya kama ya ƙi saki," in ji shi. "Ni da ya kama mini haka sau ɗaya..."

Bai ƙarasa ba. Na ce, "Baba, me?" Ya ce in je in taya Inna aiki.

Da ya yi ritaya ya dawo, sai tsohon direban nan ya fara zuwa gidanmu. Baba ne ya nemo shi, ya same shi yana gyaran tayoyin keke a bakin tasha. Ya samar masa gadi a wani shago, kuma kowace Juma'a tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Baba Babba da ya ji ya aiko da saƙo mai zafi daga Djougou: wane irin mutum ne zai ci tuwo da wanda ya kashe ƙanensa? Baba ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce wa Yaya na ji." Har Baba Babba ya rasu ba su ƙara zama tabarma ɗaya ba. Mutanen unguwa kuwa suka ɗauke shi waliyyi. In aka faɗa a gabansa sai fuskarsa ta yi kamar an mare shi.

Shekarun ƙarshe idanunsa suka mutu. Ni nake zuwa bayan na tashi daga makaranta in karanta masa tsofaffin takardunsa na Faransanci, yana gyara mini furuci, yana shafa duwatsunsa yana faɗin sunan kowane da inda ya tsince shi. Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarsa, da safe bayan ya karya, ya ce in hau kujera in sauko da gwangwanin madaran da ke saman bango. Ya yi tsatsa, da ƙyar na buɗe. Farar tsakuwa ce a ciki, tas, kamar an wanke ta jiya, da wani busasshen abu baƙi a tsakiya.

"Me kika gani?"

"Ƙanƙara ce, Baba. Da wani abu kamar goro."

"Goro ne. Na Baffanki ne. A bakin rafin na tsince su tare. Zauna."

Na zauna. Ya ce lokacin da ake aikin gangaren nan shi ne mai gwajin kaya. Kamfanin da ke aikin ya kawo tsakuwa daga wani ramin dutse na kusa don ya fi sauƙi. Ya dafa ta, kwalta ta saɓule. Ya sake dafawa sau uku, sau uku tana saɓulewa. Ya je wurin shugaban aikin ya ce wannan ba za ta riƙe ba, sai an wanke an sa farar ƙasa, ko a kawo wani dutse. Shugaban ya ce farar ƙasa tana Kwatano, damina ta kusa, kuma manya za su zo buɗe hanya ranar da aka riga aka sa. Ya tura masa takarda ya ce, "Sa hannu, ko in rubuta cewa kai ne ke yi wa aikin ƙasa zagon ƙasa." A wancan zamani kalma irin wannan tana kai mutum inda iyalinsa ba za su san wurin ba.

"Na tuna ku. Na ce a raina, wataƙila ta yi shekara biyar, kafin nan a sake ta. Na sa hannu. Daminar farko ta fara zubar da tsakuwa. Na bi ta wurin na gani, na ce zan rubuta. Ban rubuta ba. Damina ta biyu Baffanki ya zo."

Ya juya tsakuwar a tafinsa.

"Da na je washegari, ruwa ya kwashe tsakuwar duka ya tara a gefe, farare, kamar ba su taɓa ganin kwalta ba. Hanyar kuwa ta zama santsi kamar bayan kwano. Ko a hankali direban yake tafiya sai ya zame. Goro ya watsu ko'ina, fari da ja, yara suna tsinta. Baffanki ne fa na nuna wa a tukunyar uwarki. Ya san dutsen nan. Da ya gan shi a ƙasa da ya gane."

Na ce, "Baba, tilasta maka aka yi."

"Hannuna ne. Kuma da aka kama direba ina nan, bakina bai buɗe ba. Wannan babu wanda ya tilasta mini."

Ya ce tuntuni ya faɗa wa direban, ranar da ya same shi a tasha. Mutumin ya yi kuka, ya zage shi, ya yi wata biyu ba ya amsa sallamarsa, daga baya ya zo da kansa ya ce ya yafe. Inna ma ta sani. Saura mutum ɗaya, Inna Zugu.

"Shekara nawa ina zuwa ƙofarta da maganar a bakina. Sai ta fito ta durƙusa ta ce Yaya, Allah ya saka. Sai in kasa. Ina ganin Baffanki, kin sani. Ba a mafarki ba. In na ji kamyo ya taka burki a titi, sai in ji kamar yanzu zai shigo yana neman tuwona. Ki nemo mota, ranar Juma'a ki kai ni Zugu. In kuma ban kai ba, ke za ki kai."

Na ce to, amma shi zai kai da kansa in sha Allah. Na yi maganar mota da wani maƙwabci. Talata ya tafi.

Inna Zugu ba ta sami zuwa jana'iza ba saboda ciwon ƙafa, sai ranar addu'ar bakwai babban ɗanta ya kawo ta. Ta tsufa, ta ranƙwafa, amma idonta garau. Ta rungume Inna suka yi kuka. Ta ce wa matan da ke wurin, "Ni ban san na rasa miji ba sai yau. Wannan bawan Allah shi ya riƙe ni, ban taɓa kwana da yunwa ba." Kowace kalma tana sukata. Na yi niyyar in bari. Na ce a raina, me zai ƙara mata ban da ciwo? Mamaci ya tafi da sunansa mai kyau, ita kuma tana da abin da take jingina da shi. Amma amana ce, kuma na ce masa to.

Bayan la'asar da mutane suka ragu, na ja ta ɗakinsa na rufe ƙofa. Na durƙusa na faɗa mata duka, yadda ya faɗa mini, ban rage ba, ban yi masa ado ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon gadon da babu kowa.

"Direban fa? Ba gudu ya yi ba?"

"Ba gudu ya yi ba, Inna."

"Shekara talatin da wani abu ina tsine wa bawan Allah a kan sallaya."

Ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka kuka take, amma da ta buɗe idonta a bushe yake.

"Dawar da na ci fa? Doyar? Na ɗauka zumunci ne."

"Zumunci ne, Inna. Yana ƙaunar Baffa."

"Na sani. Kada ki gaya mini wannan, na riga ki sani." Ta buga sandarta a ƙasa. "Me ya hana shi shigowa? Sau nawa na ce Yaya shigo ka sha ruwa? Da ya faɗa mini da bakinsa, da na yi masa ihu, da na kore shi, da na yi shekara ba na gaishe shi. Sannan in yafe masa yana ji. Yanzu wa zan yi wa ihun? Ke?"

 Ta ce a kira mata ɗanta, kuma a aika Ganou a zo da direban.

Da tsohon ya shigo yana ɗingishi ya gan ta, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa ƙarasowa. Ita ce ta miƙe da ƙyar, ta je gabansa, ta durƙusa a kan ƙafar nan mai ciwo, ta ce, "Malam, ka yafe mini. Na ɗora maka abin da ba naka ba." Ya ce, "Hajiya, tashi don Allah, tashi," yana kuka, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ɗanta ya ɗaga ta.

Washegari da safe kafin su kama hanya ta ce a bi da ita maƙabarta. Na raka su. Ba ta shiga ba, ta tsaya daga bakin katanga, ɗanta ya nuna mata sabon tudun. Ta ce mu ja baya. Muka koma gindin wata bishiya muna hangen ta. Ta daɗe tana magana, hannunta ɗaya a kan katangar, ɗayan yana tashi yana sauka kamar mai faɗa da wanda ke gabanta. Wani lokaci muryarta ta ɗaga har muka ji amonta, amma ba mu ji kalmomin ba. Daga baya ta yi shiru, ta tsaya haka nan. Ban ga ta ɗaga hannu ta shafa ba, ban kuma ce ba ta yi ba, don na sunkuyar da kai na ɗan lokaci.

Da ta dawo za ta shiga mota, na riƙe ƙofar na ce, "Inna, kin yafe masa?"

Ta dube ni. "Ke kin isar da saƙonki, Allah ya yi miki albarka. Sauran tsakanina da Yaya ne."

Motar ta tashi. Wata huɗu ke nan. Tana aiko mini da gaisuwa, ta tambayi jikin Inna, ta tambayi yara, ba ta taɓa ambatonsa ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Wannan shi ne Babana. Ya san gaskiyar dutse fiye da kowa a garin nan, ya ɓoye ta sau ɗaya, ya rayu da abin da ya biyo baya har ya makance. Wanda ya karanta wannan, in ya san shi ko bai san shi ba, ina roƙonsa ya yi masa addu'a, shi da ƙanensa, da mutum biyun da suka rasu tare da Baffa, waɗanda har yau ban san ko 'ya'yan wane ne ba. Allah ya jiƙansu, ya sassauta wa Babana tambaya, ya sanyaya zuciyar wadda yake jira.